Ranin da Aka Hana Zinariya Tumatir

A kasuwar Batsari Salmanu ya fara ganin Zinariya, zamanin da kuɗin man fetur suka fara kai malaman gona ƙauyuka. Ta zo daga Tsaskiya da kakarta Tasalla, tana latsa tumatir ɗaya-ɗaya kamar mai zaɓen miji. Shi kuwa sabon malamin gona ne, ga kirki, ga surutu kamar rediyo.

Kan ka ce kwabo babur ɗinsa ya san hanyar Tsaskiya, kullum da kwandon tumatir daga lambunsa.

Wata rana wurin zance ya ce, "Zinariyata, kin san tumatir na haɗa wani sinadari, serotonin? Da abincin da saiwa ta jawo da hasken rana shukar ke ƙera shi, ta tara a 'ya'yanta. Akwai irinsa a ƙwaƙwalwar mutum, ana danganta shi da kwanciyar hankali."

Ta rufe fuska tana dariya. "Ashe shi ya sa."

Baki shi ke yanka wuya. Daudu, wanda ya daɗe yana nemanta ba ta kula shi, ya ji labarin, ya kai wa mahaifinta Malam Hashimu tsegumi cewa malamin gona da bakinsa ya ce akwai abin juya ƙwaƙwalwa a tumatirinsa. Asiri ke nan.

Salmanu ya durƙusa gaban Malam Hashimu ya rantse kowane tumatir haka Allah ya yi shi, kuma sinadarin da aka ci a tumatir ba ya kaiwa ƙwaƙwalwa. Dattijon ya ce to a gwada: ba tumatir, ba zance, har damina ta faɗi. In son ya rayu, na Allah ne.

Gida duka aka koma miyar kuka. Zinariya ta sha kewa har ta rame. Ta aika Kaka kasuwa da saƙo: "Ki ce wa Malamina miya ta yi lami, amma zuciya tana inda ya bar ta."

Ranar ruwan farko mahaifinta ya kira ta ya tambaye ta. Ta sunkuyar da kai.

"Baba, har yanzu shi ne."

Kaka ta ce, "Kai Hashimu, ka wahalar da bakinmu a banza. Ni da daddawa kaɗai na so ubanka."

Bayan girbi aka ɗaura aure. Malam Hashimu ya sa musu albarka, Allah ya ba da zaman lafiya da zuriya ɗayyiba. Sannan ya jawo ango gefe, ya ce gobe a aiko da kwandon nan, shi ma ya gaji da kuka.