Farin Gam a Gindin Jirgi

"Kwana uku da binne ɗana, Sufeto, wanda ya kashe shi yana can yana buga guduma kamar ba a yi komai ba!"

Tsohuwar ta ƙi zama. Babban ɗanta, mai sa gilashin tagogi, yana tsaye a bayanta, kansa a ƙasa.

"Zauna, Mama. Wa kike zargi?"

"Kafintan jirgi mana. Ranar Laraba ya ɗaura bututun gindin jirgin, ranar Alhamis Autana ya fita kamun kifi, ruwa ya cika jirgin. Ga yayansa nan, a gabansa aka yi aikin."

Sufeto ya dubi yayan. "Haka ne?"

"Haka ne, ranka ya daɗe."

An riga an jawo jirgin an kife shi a bakin ruwa. Da Sufeto ya isa wurin, ya durƙusa. Bututun fitar da ruwa ne, an riƙe shi da farantin ƙarfe da sukur shida, biyu sun fice. Ya sa farce kawai, farin gam ɗin da aka liƙe wurin da shi ya ɓaro gaba ɗaya kamar ɓawon dafaffen ƙwai. Katakon da ke ƙarƙashi ya sha ruwa ya yi laushi. Ya naɗe gam ɗin da sukur ɗaya a takarda.

A rumfar kafinta ba kowa sai shi kaɗai, dattijo mai furfura. Ya karɓi gam ɗin, ya ja shi, ya shinshina.

"Wannan na taga ne, ɗan nan. Gilashi yake kamawa, ba katakon da ke kwana a ruwa ba."

"An ce kai ka sa, Baba."

Dattijon ya miƙo hannuwansa. Ƙarƙashin kowane farce baƙi ƙirin.

"Nawa baƙi ne. Kowane sukur sai na tsoma shi a ciki kafin in ɗaura, kuma jirgi ba ya taɓa ruwa sai bayan kwana huɗu. Marigayin ya zo, Allah ya jiƙansa, na ce nawa ya ƙare, ya jira Asabar. Ya ce kifi ya shigo. Ko sukudireba ban ɗauka ba." Ya mayar wa Sufeto gam ɗin. "Shekara talatin ina wannan aiki. Yau in na yi sallama, ba mai amsawa."

"Wannan sukur ɗin fa?"

"Gajere haka? Ai ko kaza ba za ka ɗaure da shi ba."

Bayan la'asar Sufeto ya shiga gidan rasuwar da kofur ɗinsa. Tsohuwar tana kan tabarma da carbi, babban ɗan yana gefenta a kan kujera. Sufeto ya yi gaisuwa, idonsa ya sauka a kan tagar ɗakin girki. Sabon gilashi, an zagaye shi da farin gam. Ya ciro sukur ɗin daga takarda ya gwada da na jikin tagar. Iri ɗaya.

"Mama, wa ya gyara miki taga?"

"Babban ne, Allah ya yi masa albarka. Ranar Laraba da safe."

"Ragowar gam ɗin fa?"

"Ai ya tafi da shi bakin ruwa, ya ce zai..."

Carbin ya tsaya a hannunta.

Babban ya zame daga kan kujera, gwiwoyinsa suka bugi ƙasa.

"Ni ne. Auta ya zo yana mita Baba Kafinta ya hana shi fita, na ce masa gam ai gam ne. Na liƙe, na goge da yatsa, har ya yi dariya ya ce na fi kafinta iyawa. Da aka kawo gawarsa, Umma ta tambayi wanda ya yi aikin, bakina ya kasa faɗin sunana."

"Ganganci ɗaya, ƙarya biyu," in ji Sufeto. "Ka ɗora wa dattijo ran ƙaninka. Tashi."

Kofur ya sa masa ankwa. Tsohuwar ta juya fuskarta bango, leɓɓanta suna motsi, ba a jin me take karantawa.

A bakin ƙofa babban ya toge.

"Umma, ki ɗago ki dube ni. Ko sau ɗaya, Umma."