Bugu Biyu a Ciki Ɗaya

Da la'asar sakaliya Malami ya ɗauko matarsa Taiba a babur daga Talata Mafara zuwa Bakura. Gyaran kwamfuta ne sana'arsa. Wani ƙaramin asibitin kuɗi ne ya kira shi, wai kwamfutar da ke haɗe da na'urar jin bugun zuciyar ɗan ciki ta rikice. Shi kuwa Malami ba ya barin banza ta wuce shi. Taiba na da tsohon ciki bayan ɓari biyu, sai ya ce in ya gyara a duba ta kyauta.

Uwarsa ta bi su har zaure. "Mai ciki ba ta kai magariba waje, Malami."

Ya yi dariya, ya ce aikin ba zai ɗauki lokaci ba.

Ɗakin awon na warin maganin goge ƙasa, janareto na gurnani a bayan taga. Lami, ungozomar asibitin, ta nuna masa kwamfutar daga bakin ƙofa, ta ƙi matsowa.

Ya san ciwon. Akwai 'yar manhajar da masu gyara ke kira direba, ita ke kama na'ura ta haɗa ta da kwamfuta. Wani lokaci takan saki tata ta cafki wata. Maganin ba wuya: a nemo lambar baƙuwar, a haramta wa direba taɓa ta.

Ya zare duk wayoyin, ya bar na na'urar awon kaɗai. Allon ya nuna na'ura biyu. Suna ɗaya, lamba daban.

"Magariba ta ka yin haka," in ji Lami a hankali. "Ran nan munka ji bugu, ba kowa bisa gadon."

Ya ce shirme ne. Don ya tantance na'urar gaskiya a cikin biyun, ya ce Taiba ta hau gadon. Daidai nan ladan ya ɗaga murya.

"Ka bari a yi salla," in ji Lami.

"Yanzu-yanzu za mu gama. Aza mata."

Lami ta ɗora na'urar a kan cikin Taiba. Lasifika ta ɗauko bugu mai sauri, ƙarami, tsaf-tsaf. Taiba ta yi murmushi, hawaye na bin kunnenta.

Sai wani bugun ya taso daga ƙarƙashinsa. A hankali. Da nauyi, kamar ana daka a turmi can bayan gari.

Lami ta kama wuyan hannun Taiba, ta saurara, ta girgiza kai. "Wanga ba nata ba ne. Kuma ɗa guda na gani a hoton da kunka zo da shi."

Warin jiƙaƙƙiyar toka ya cika ɗakin. Ƙwan lantarki ya dushe.

Mai nauyin na ƙara ƙarfi. Mai saurin na ja baya.

"Malami," Taiba ta raɗa, ta ƙanƙame ƙarfen gado. "Sanyi na shiga cikina."

Tsoro ya kama shi har cikin ƙashi. Ya faɗa kan kwamfutar. Lamba biyu, bugu biyu, ɗaya zai haramta. Ya zuba wa ta ƙasa ido, ita yake zargi. Allon ya ƙifta, lambobin suka sauya wuri.

Suka sake sauyawa.

Taiba ta ƙwalla ƙara.

Ya kwafi ɗaya a makance, ya danna, ya haramta ta.

Janareto ya mutu. Lasifika ta yi tsit. A cikin duhun wani abu ya ja dogon numfashi a bayan kunnensa.

Lami ce ta ja su waje tana karanta Ayatul Kursiyyu da ƙarfi, ta baro takalminta ɗaya a ɗakin. A gidanta suka kwana, ba wanda ya runtsa.

Bayan wata biyu Taiba ta haifi namiji, lafiyayye, aka sa masa Anas. Kwamfutar asibitin ba ta sake rikicewa ba, har mai asibitin ya aiko da godiya.

Malami ya sayar da kayan gyaransa, ya koma noman gero a Ruwan Gizo. Kowa na yaba haƙurin Anas, yaron da ba ya kuka. Uwar Malami ce kaɗai ta ƙi goya shi.

Duk magariba Malami kan ɗauki ɗansa ya kara kunne a ƙirjinsa, yana roƙon Allah ya ji bugu mai sauri.

Har yau mai nauyin yake ji.