Katifar Karɓa-Karɓa

Auta na tsakar gida tana wanke-wanke Kawu ya faɗo da rediyonsa a hammata, ko sallama bai ƙarasa ba.

"Ke Auta, ajiye kwanon nan! Yanzu aka faɗi matsakaicin kuɗin hayar ɗaki na ƙasa baki ɗaya. Albashin mijinki na wata biyu ya biya shekara, har da canji!"

Auta ta ajiye kwanon. Shekara biyu ke nan da aurenta da Dogo, amma tana zaune gaban Inna kamar budurwa, shi yana can babban birni yana aikin dare a gidan burodi. Kullum maganarsa ɗaya: haya ta yi tsada, ta ƙara haƙuri.

Kawu kuwa tun da ya yi ritaya ba shi da sana'a sai gyaran auren mutane, kuma duk wanda ya gyara a gaban alƙali yake ƙarewa.

"Yaya, a bi a hankali dai," in ji Inna.

"Rediyo zai yi ƙarya ne? Yaron nan ba ya son ta kusa da shi, shi ke nan! Ko ɗaki ko takardar saki!"

Auta ta sha kuka har ta gode Allah, kuma maganar ta shige ta. Ta daina ɗaukar wayar Dogo. Sati bai zagayo ba suka hau mota ita da Kawu, ba tare da sun sanar da shi ba.

Da azahar aka nuna musu wani ɗaki a bayan gidan burodin. Ba taga. Katifa ɗaya ce a ƙasa, sai ƙusoshi uku a bango, kowace da jaka. Dogo na kwance, fulawa duk a sumarsa, wani mai kakin gadi yana jijjiga shi.

"Dogo, tashi mana! Lokacina ya yi, da magariba direba zai karɓa."

Ashe su uku ke hayar katifar, kowa da lokacinsa. Dogo ya buɗe ido ya ga matarsa a bakin ƙofa. Kunyar da ta rufe shi, Auta ba za ta manta da ita ba har ta mutu.

Kawu ko a jikinsa. A gaban mai gadi ya zazzage masa lissafin rediyo, ya kira shi maƙaryaci.

"Kawu," in ji Dogo, "kuɗin ɗakin garinmu da na nan aka haɗa aka raba. Na nan ya ninka na garinmu sau huɗu, kuma dillalin haya sai an ba shi na shekara biyu. Tarawa nake yi. Kunyar gaya mata inda nake kwana na ji." Ya dubi Auta. "In ke kika ce in rubuta takardar saki, zan rubuta."

"Wallahi ba na so!" Ta durƙushe a kan siminti. "Ka yafe ni, Dogo — don Allah ka yafe ni!"

A ranar suka juya, don babu inda za ta kwana ko na dare ɗaya. Kawu bai ba da haƙuri ba, har yau cewa yake a yi bincike.

Sai da ta ƙara shekara guda kafin suka sami ɗaki a ƙarƙashin matakalar wani bene, wanda a garinsu ko akuya ba za a ɗaure a ciki ba. Auta ta share shi ta sa labule, tana murna kamar an ba ta gidan sama.

'Yan mata, haƙuri yana biya, amma zargi yana barin tabo. Kada a auna miki mijinki da mudun ƙasa baki ɗaya, je ki ga inda yake kwana.

Ranar farko a sabon ɗakin, Dogo ya dawo daga aiki da safe ya kwanta. Azahar na yi ya zabura ya fara naɗe bargo, ido a rufe.

"Koma ka kwanta," in ji Auta, hawaye na zuba. "Babu mai zuwa."