Yarinyar da Ta Ce Bakwai

"Malam, yaran nan duk sun iya ƙirga?"

Haka wata amarya ta ji wani baƙo yana tambayar mijinta, malamin makaranta, a wani gari, can da daɗewa. Fura ta kawo wa Malam makaranta, kunya ta hana ta shiga, sai ta ba wani yaro ya shiga da ita, ta raɓe a bakin taga. Baƙon mai duba makarantu ne, kuma idan yara suka kasa, aikin Malam ya tafi.

"Ranka ya daɗe, kamar ruwa!" in ji Malam.

Katunan lambobi suna rataye a igiya. Da safe iska ta zubar da su, yara suka mayar yadda suka ga dama. Malam bai duba ba, idonsa na kan baƙo. Baƙo bai duba ba, idonsa na kan ƙwaryar fura.

Malam ya nuna kati da sanda, yara suka ce, "Ɗaya!" Ya nuna na gaba, suka ce, "Biyu!" Ya sake nunawa, suka ce, "Uku!"

Sai wata 'yar ƙarama ta ce, "Bakwai."

"Ke Tabawa, kullum ke ce kurar baya!" in ji Malam. Aji ya fashe da dariya.

Amarya ba ta yi nisa a boko ba, amma ta leƙa. Sandan Malam a kan bakwai yake.

Baƙo ya shanye fura, ya ce, "Madalla! Duk sun iya, ban da yarinyar can. A dage da ita."

Da yamma Malam ya tambayi amarya, "Kin ga aikina?"

"Na gani," in ji ta.

Tuwon gidan daga albashin nan yake fitowa. Ta sunkuyar da kai, ta ƙudura ba za ta faɗa wa kowa ba.