Ɗan Aike da Gida Mai Lamba Bakwai

Can a garin kwamfutoci, an ba wani ɗan aike albishir ya kai wa wata tsohuwa, 'yarta ta haihu. Saboda gaggawa, ƙarshen adireshin kawai ya duba: bakwai.

Ya yi sallama a gida mai lamba bakwai, aka ce, "Ba nan ba ne." Ya je wani bakwai ɗin, aka ce, "Ba nan ba ne." Kamar ya yar da saƙon, amma ya daure, ya tambayi mai gadin mararraba.

Mai gadi ya ce, "Ɗana, kowace unguwa da bakwai ɗinta. Lambobin farko su ne unguwa."

Da ɗan aike ya karanta adireshin tun daga farko, sai ga shi gaban tsohuwa. Nan take ta ce, "Ta sauka lafiya?"

Ya ce, "Lafiya lau, Iya. Mace ce."