Kwaɗon Gidan Usumanu

A unguwar Dar es Salam, a Yamai, akwai wani mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, sunansa Usumanu. Mutumin kirki ne, sai dai bai taɓa yarda da hannunsa ba. In ya dawo da magariba zai kulle ƙofar gida, ya zauna, abinci na gabansa, sai zuciya ta ce masa, anya? Ya tashi ya je ya jijjiga kwaɗo. Ya dawo. Ya sake tashi. Ƙofar kuwa ta ƙarfe ce, in ta yi ƙara har karnukan unguwar Lazare sai sun amsa. Matarsa Zainabu ta yi magana har ta gaji, shi ma ya gaji da kansa, ƙafafun ne dai ba su gaji ba.

Wata magariba ya jijjiga kwaɗon, sai dutse ya faɗo kan rufi, kwaram. Ya saurara, shiru. Ya sake jijjigawa, wani ya faɗo. Da ya koma tsakar gida ya tarar da 'yarsu Anisa, wadda ta dawo daga lakwal, wato makaranta, lafiya lau, zaune ta rungume hannuwa kamar mai rarrashin jinjiri, idanunta a kafe.

Kwanaki suka shuɗe ba ta ci ba, ba ta runtsa ba. Wuyanta ya yi siriri. Tsoro kuma ya ƙara wa Usumanu zirga-zirgar ƙofa, duwatsu suka ƙaru.

Aka ɗauko Malam Abdulkarim, tsohon da ya shekara da shekaru yana fama da mutanen ɓoye, har fuskarsa ta koma ta mai sasanta rigimar haya. Ya zauna bayan magariba, ya yi karatu a hankali. Can sai wata murya ta fito daga bakin yarinyar, muryar mace, a shaƙe.

"Malam, rage murya. Yanzu na samu ya yi barci."

"Wa?"

"Ɗana. A iccen bakin ƙofa muke. Tun da na haihu, wannan bawan Allah bai bar mu mun runtsa ba. Ƙarau, ƙarau. Na yi jifa, bai gane ba. To, 'yarsa ma ta ɗanɗana."

"Ba ke ke raɗa masa ya koma ba?"

"Ni? Ku bil'adama komai ku ce mu ne. Mutum yana kulle ƙofa, hankalinsa na kasuwa yana awon yadi. Hannu ya kulle, mai hannun ba ya nan. Yaya zai tuna?"

Zainabu ta ce, "Wallahi gaskiyarta," sannan ta toshe baki.

Malam ya tambayi abin da take so, rago ko turare. Aljanar ta ce me za ta yi da rago, barci take so. In Usumanu ya kulle ya bari, ta tafi. In ya koma, ta zauna.

Malam ya buɗe ƙofar, ya miƙa wa Usumanu kwaɗon. "Tsaya a nan, kai da hankalinka duka. Ji sanyin ƙarfen. Dubi yatsunka. Yi bismilla, ka saurari ƙarar."

Ƙyas. Usumanu ya ji ta, kamar bai taɓa ji ba.

Ya dawo ya zauna a tabarma. Ba a jima ba, anya ɗin nan ta iso. Tafin ƙafarsa ya yi ƙaiƙayi, gwiwa ta fara ɗagawa da kanta.

"Kada ka kore ta, kada ka bi ta," in ji Malam. "Ja numfashi, ka kalle ta kamar mai talla da ba ka sayen kayansa."

Ya kalla. Abin ya taso masa har wuya kamar kumfar shayi, ya tsaya, ya tsaya, sannan a hankali ya kwanta. Rufi shiru. Ganyen iccen ya ɗan motsa, alhali babu iska.

Anisa ta yi atishawa, hannuwanta suka saki. Ta ce yunwa take ji. Zainabu na kuka tana dama mata fura. Yarinyar ta sha, ta kwanta a cinyar uwarta, ido na lumshewa, ta ce, "Baba, ka rufe ƙofa?"

Kowa ya dubi ƙafafun Usumanu.

"Na rufe," ya ce, ya jawo kwanon tuwonsa.