Kwanon da Ba Ya Komawa Wayam

"Ina take? Na ce ina take, wadda ta cinye mini gero?!"

Sallamar da Inna Saude ta yi ke nan a ƙofar ɗakin da ɗanta yake haya a Kazaure. Tun daga Kanya Babba take tafe da maganar nan a baki kamar garwashi.

Muhammad Auwal ya zube ƙasa. "Sannu da hanya, Inna. Ki zauna ki sha ruwa..."

"Ruwa na zo sha? Kai, wannan yaron!" Ba ta kama sunansa, ɗan fari ne, amma alkunya ba ta taɓa hana ta faɗa ba. "Buhun da na aiko maka da kaka, wanda zai kai ka damina, an ce ya kusa ƙarewa. Wanda ya gani da idonsa ya ce kullum sai an fita da geron nan a kwano zuwa gidan wata yarinya. Ni da noma, wata da ci!"

Ya sunkuyar da kai. A nan idonta ya faɗa kan wuyansa, duk ƙashi a waje. Ta waiga ɗakin. Tabarma, jarkar ruwa, ragowar buhun geron a lungu, riga ɗaya a rataye an goge ta tsaf. Shi ke nan.

"Ina katifar?"

"Mai gida ya ƙara kuɗin haya, Inna."

"Fankar fa?"

"Kuɗin mota zuwa Dutse... an kira mu intabiyu."

"Suka ce me?"

"Za su neme mu."

"Za su neme ku! Ɓata kuka yi?"

Zuciyarta ta tafasa. Shanunta na gado ta kaɗa kasuwar Babura, ɗaya bayan ɗaya, har yaron nan ya gama jami'a. Aka ce mata in ya fito hutu ya zo. Ga hutun nan a tabarma! Garin da ruwan alwala ma sai ka saya. To wa za ta kai ƙara? Masu ofis ba ta san fuskarsu ba, balle ta shaƙe wuyan rigar wani. Yarinyar nan kuwa tana da gida, tana da ƙofa.

"Naɗe tabarmarka, yau za mu koma. Gona ba ta cewa za ta neme ka."

"Inna, don Allah... an ce sunaye za su fito bayan Sallah. In na tafi..."

"Sunaye ne suka riƙe ka, ko yarinya?"

"Duka biyun, Inna."

Kafin ta sauke masa abin da ke bakinta, aka yi sallama a waje, murya ƙasa-ƙasa. Wata siririyar yarinya ce cikin hijabi ruwan toka, ta ajiye kwano a kan dakali tana shirin juyawa.

"Tsaya nan! Ke ce?"

Yarinyar ta durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Inna. Nafisat ce, ta gidan da ke kallon nan."

"Ban tambayi sunanki ba. Gerona nake tambaya!"

"Inna, wallahi ba laifinta..."

"Rufe mini baki, kai!"

Ta fizge murfin kwanon. Fura ce an dama da kindirmo, ga ludayi a ciki. Don neman abin kushewa ta kai ludayin baki. Sai ta tsaya cak.

Ta san wannan zaƙin. Irin da ta gada wurin uwarta ne, mai ƙananan ƙwaya, wanda take ɓoye zangarniyarsa a rumbu kowace shekara. Ko a mafarki aka ba ta za ta gane shi.

"Wannan ai gerona ne."

"Naki ne, Inna," in ji Nafisat, hawaye na bin kumatunta. "Na ga yana azumin Litinin da Alhamis, sai na ga ya haɗa har da Talata da Laraba. Na san ba na lada ba ne kaɗai. Geron yana nan a ɗaki, yana kallonsa, shi ma yana kallonsa. Ba turmi, ba murhu, gawayi ya fi ƙarfinsa..."

Inna Saude ta ajiye ludayin. Tsaba ta aiko wa namiji gwauro, ko tunanin mai dakawa ba ta yi ba!

"Da na kawo masa abinci ya ƙi karɓa. Ya ce mahaifiyarsa ta hore shi, ba a mayar wa mutane kwano wayam, shi kuwa ba shi da abin sawa. Daga baya ya ce zai karɓa in zan yarda ya zuba geronki. Shi ne nake dakawa in dawo masa da abinsa."

"Nonon fa? Shi ma a gonata ya tsiro?"

"Ina ɗan soya awara, Inna. Ni ma na gama makaranta, za su neme ni."

Dariya ta kuɓuce wa Inna Saude, ta haɗe da kuka. Ta ja gefen mayafi ta toshe baki.

"Ki yafe mini, Inna, kada ki tafi da shi saboda ni. In kin ce in daina zuwa zan daina... amma a samu mai dama masa."

"Nafisat, sanyin idona, ki yi shiru haka," Muhammad Auwal ya faɗa.

"A gabana? Marar kunya! Zo ka shanye wannan, ina kallo."

Ya shanye tas. Ta karɓi kwanon, ta wanke shi da ruwan jarkar nan na saye, ba ta ji asara ba. Sannan ta kwance haɓar zaninta. Goro ne fari, manya, wanda ta riƙo don hanya. Ta zuba a ciki, ta rufe.

"Ungo. Ki kai wa magabatanki, ki ce somin-taɓi ne. Kawunnansa suna tafe da na gaske."

Nafisat ta rufe fuska da hijabi.

"Inna, ba ni da aiki fa..." in ji Muhammad Auwal.

"Na sani! Masu ofis sun ci shanuna, Allah ya isa tsakanina da su, har gaban Ubangiji sai na bi hakkina. Amma wannan ba za su ci ba. Zauna ka jira sunayenka, wani buhun yana zuwa."

Ta kama hannun yarinyar ta ɗaga ta, ta danƙa mata kwanon.

"Riƙe da kyau, 'yata. Ni na hore shi, ai ba zan karya da kaina ba. Mu a gidanmu kwano ba ya komawa wayam."